Tambayoyinku da Amsoshinmu: Svalbard, Tsibiran da Ake Cewa Ba Sa Neman Biza

A 'yan makonnin nan yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili sun karkata ne ga wuri guda, wato tsibiran Svalbard da ke can kusa da ƙuryar arewacin duniya. Da alama wani gajeren bidiyo da ya yi ta yawo a wayoyin jama'a ne ya tayar da zancen, domin mai magana a cikinsa ya ce akwai wani yanki na Turai da kowa zai iya shiga ya zauna ba tare da biza ba. Mun zaɓi tambayoyin da suka fi maimaituwa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne da ya kammala jami'a amma har yanzu aiki bai samu ba. Na ji an ce a Svalbard ba a tambayar biza ko takardar izinin aiki. Idan haka ne, me ya sa 'yan'uwanmu suke jefa rayukansu cikin hamada da teku alhali ga ƙofa a buɗe? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, sai dai an faɗa maka rabin zancen an bar rabin da ya fi shafarka. Dokar shige da fice ta ƙasar Norway, wadda ita ce ke mulkin tsibiran, ba ta aiki a Svalbard, saboda haka babu jami'in da zai nemi bizar zama ko izinin aiki a hannun wanda ya sauka can. Wannan bai samo asali daga karamci ba, ya samo asali ne daga wata yarjejeniya da aka sanya wa hannu a birnin Paris ranar 9 ga Fabrairu, 1920, wadda ta fara aiki a 1925. Kafin wannan lokaci tsibiran ba su da mai su, kowa yana zuwa ya yi farauta ko ya haƙi ma'adinai yadda ya ga dama. Da aka zauna bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai manyan ƙasashe suka amince a damƙa wa Norway cikakken ikon mallaka, bisa sharaɗin cewa 'yan ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar za su samu dama daidai da ta 'yan Norway wajen zama, kamun kifi, farauta, haƙar ma'adinai da kasuwanci. Yau ƙasashe fiye da 40 ne ke ciki. Daga Afirka akwai Masar da Afirka ta Kudu, Najeriya da Nijar kuwa ba sa ciki, amma a aikace Norway ba ta bambanta tsakanin ɗan ƙasar da ta sanya hannu da wanda tasa ba ta sanya ba.

To, ina matsalar take? Ta farko ita ce hanya. Jiragen fasinja da ke zuwa Longyearbyen, babban garin tsibiran, daga Oslo ko Tromsø suke tashi, kuma duka biranen biyu suna cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ba zai taka su ba sai da bizar Shengen, kuma ya kamata ta kasance mai ba da damar shiga sau biyu, domin da zarar ka tashi zuwa Svalbard ana lissafa cewa ka fita daga yankin, dawowarka kuma shiga ce sabuwa. Ke nan bizar da aka ce maka ba a nema tana nan tana jiran ka a tsakiyar hanya.

Ta biyu ta fi wannan nauyi. Doka ta ba Gwamnan Svalbard ikon sallamar duk wanda ba shi da abin da zai riƙe kansa da shi, kuma wannan ya shafi har 'yan Norway. Tallafin da Norway ta yi suna da shi, irin wanda ake ba marasa galihu da tsofaffi masu buƙatar kulawa, bai ƙetara teku zuwa tsibiran ba. An ga haka ƙarara a 2020 lokacin annobar korona, sa'ad da harkar yawon buɗe ido ta tsaya cak, baƙi da yawa suka rasa aiki, abin da gwamnati ta fito da shi kuwa tallafi ne na wucin gadi, har da taimakon kuɗin komawa gida. Haka nan mafi yawan gidajen garin mallakar gwamnati ne ko kamfanoni, suna ba ma'aikatansu, don haka wanda ya isa ba da aiki a hannu ba zai sha wuya kafin ya samu ɗakin kwana, a garin da kwana a waje yake nufin mutuwa. Sannan shekarun da mutum ya yi a Svalbard ba sa shiga lissafin neman takardar zama ta dindindin ko zama ɗan ƙasa a Norway.

Akwai baƙi a can, wannan ba shakka. Mutanen ƙasashe kimanin 50 ne ke zaune a Longyearbyen, cikinsu har da 'yan Tailan da 'yan Filifin masu yawa da ke aiki a otal-otal da gidajen abinci. Amma garin gaba ɗayansa bai wuce kimanin mutum 2,500 ba, guraben aikinsa kuma gwargwadon haka suke. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi zai kai ka Turai ta wannan hanya, ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne, ɗalibaina sun tambaye ni inda wannan wuri yake a taswira, da kuma dalilin da ya sa ake cewa rana ba ta faɗuwa a can. Ina neman bayanin da zan iya mayar musu. (Daga Maraɗi, Jamhuriyar Nijar)

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kulawa. Ka nuna musu ƙasar Norway, ka haura da yatsa zuwa arewa cikin teku, kusan rabin tazarar da ke tsakanin ƙarshen Norway da ƙuryar arewacin duniya, nan za ka tarar da rukunin tsibiran, tsakanin digiri 74 da 81 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Faɗinsu ya ɗan haura murabba'in kilomita 61,000, wato kusan ninki uku na Jihar Kano, amma jimillar mutanen da ke ciki ba ta kai 3,000 ba. Babban tsibirin shi ne Spitsbergen, kuma a kansa ne garuruwan suke. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Barentsz ne ya ci karo da tsibiran a 1596, yana neman hanyar da za ta kai shi gabashin Asiya ta arewa. Bai tarar da kowa ba, domin Svalbard ba ta taɓa samun 'yan asali ba, duk wanda ke can zuwa ya yi.

Kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar ƙanƙara ce mai kauri ta lulluɓe shi shekara da shekaru. Sauran kuwa duwatsu ne da kwaruruka, kuma ƙasar daskararriya ce har can ƙasa, samanta kaɗai ke ɗan narkewa da bazarar Turai. Shi ya sa ake ɗora gidajen Longyearbyen a kan turaku, domin idan gida ya zauna a ƙasa ɗuminsa zai narkar da abin da ke ƙarƙashinsa ya karkace, kuma shi ya sa bututun ruwan garin suke bi ta sama a fili maimakon a binne su. Babu bishiya ko ɗaya da mutum zai fake a inuwarta, babu gona, kuma ruwan sama da dusar ƙanƙarar da ke sauka a Longyearbyen a shekara bai wuce kimanin milimita 200 ba, abin da ya sa masana ke lissafa wurin cikin hamada duk da ƙanƙarar da ta kewaye shi.

Batun rana kuwa, ka faɗa wa ɗaliban cewa duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi yayin da take zagaya rana. Rabin shekara ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana, ɗaya rabin kuma yana juya mata baya. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya bambancin bai fi na sa'a ɗaya ko biyu ba tsakanin tsawon yini da dare, amma a Longyearbyen, da ke digiri 78, rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Afrilu har zuwa wajen 22 ga Agusta, sai dai ta yi ta kewaya sararin sama. Daga ƙarshen Oktoba kuma zuwa tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa sam, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu ma ko hasken asuba babu, tsakar rana da tsakar dare duk ɗaya ne. Saboda duwatsun da suka kewaye garin, hasken rana ba ya sauka cikinsa sai 8 ga Maris, ranar da yara da manya ke taruwa a matakalar tsohon asibiti domin tarbarsa.

Sanyin bai kai yadda ake tsammani ga wuri mai nisa haka ba, domin wani reshe na ruwan ɗumi daga Tekun Atlantika yana bi ta gaɓar yamma, shi ne kuma ke buɗe wa jiragen ruwa hanya. Da hunturu awon sanyi yakan tsaya wajen digiri 13 zuwa 16 ƙasa da sifili, a watan Yuli kuma wajen digiri 6 ko 7 sama da shi. Sai dai wurin yana cikin sassan duniya da suka fi saurin ɗumama. A watan Yulin 2020 an auna digiri 21.7, zafin da ba a taɓa gani ba a can, kuma a Disambar 2015 dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta danne gidaje a Longyearbyen, mutum biyu suka rasu.

Tambaya: Malam, idan rana ba ta faɗuwa har wata huɗu, yaya Musulmin da ya tsinci kansa a can zai yi da salla da azumi? (Daga wata Hajiya a Kano)

Amsa: Hajiya, wannan fili ba na fatawa ba ne, amma za mu iya faɗin abin da malamai suka daɗe da tattaunawa a kai. Sun dogara da hadisin Nawwas ɗan Sam'an da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yinin da tsawonsa zai kai shekara a zamanin Dujal, ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, ya ce a'a, a ƙaddara masa lokacinsa. A kan haka suka ce mazaunin irin wannan wuri zai yi salloli biyar cikin kowace sa'a 24, ya kuma yi azumi da ƙiyasi. Inda suka saɓa shi ne abin da za a yi ƙiyasin da shi: wasu sun ce a bi lokutan gari mafi kusa da ake samun dare da rana a rarrabe, wasu kuma sun ce a bi lokutan Makka. Musulmin birnin Tromsø, wanda shi ma yake fuskantar wannan yanayi na wasu makonni, suna bin lokutan Makka idan lokacin ya zo. Wanda tafiya ta kama shi ya nemi malamin da ya amince da shi tun kafin ya tashi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na karanta cewa akwai garin Rashawa a tsibiran, har da gunkin Lenin. Shin wa ke da mulkin wurin a zahiri, Norway ko Rasha, ko kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke riƙe da shi? (Daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa a Sakkwato)

Amsa: Norway ce ke da mulki ita kaɗai, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da hannu a ciki. Dokar da majalisar Norway ta kafa a 1925 ta ayyana Svalbard a matsayin wani ɓangare na masarautar Norway, ba mulkin mallaka ba ne kuma ba yanki mai cin gashin kai ba ne kamar yadda Greenland take a ƙarƙashin Denmark. Duk da haka ba a lissafa ta cikin jihohi ko ƙananan hukumomin ƙasar ba. Babban wakilin gwamnati shi ne Gwamna, wanda ba zaɓarsa ake yi ba, naɗa shi ake yi daga Oslo, yana kuma ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Shi ne shugaban 'yan sanda, shi ne mai kula da muhalli, ofishinsa ne ke aikin ceto da jirage masu saukar ungulu da jirgin ruwa, kuma ikonsa ya game dukkan tsibiran har da garin Rashawan da ka ambata.

Yarjejeniyar 1920 ta ɗaure hannun Norway ta fuskoki biyu bayan batun daidaito. Harajin da aka karɓa a Svalbard dole a Svalbard za a kashe shi, ba za a kwashe shi zuwa baitulmalin ƙasa ba. Sannan an haramta kafa sansanin sojan ruwa ko gina ganuwar yaƙi, an kuma haramta amfani da tsibiran domin yaƙi. Wannan sharaɗi bai hana komai ba a Yaƙin Duniya na Biyu, domin an kwashe mazauna a 1941, jiragen yaƙin Jamus kuma suka yi wa Barentsburg da Longyearbyen luguden wuta a 1943.

Garin Rashawan shi ne Barentsburg, wanda kamfanin gwamnatin Rasha mai suna Arktikugol yake tafiyarwa tun 1932, yana haƙar kwal bisa haƙƙin da yarjejeniyar ta bayar. Mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Rasha, amma dokar Norway ce ke aiki a kansu. Akwai kuma Pyramiden, wanda a zamanin Tarayyar Sobiyet gari ne cikakke mai makaranta da wurin ninkaya, aka watse daga cikinsa a 1998, shekara biyu bayan wani jirgin sama ɗauke da ma'aikatan ma'adinai da iyalansu ya faɗa kan dutse kusa da Longyearbyen, mutum 141 suka mutu. Gumakan Lenin suna nan a garuruwan biyu. Kwal ɗin Barentsburg ya daɗe ba ya mayar da kuɗin da ake kashewa a kansa, kuma duk mai lura ya san cewa abin da ke riƙe da Rasha a wurin shi ne kada ta rasa gurbinta a bakin hanyar da jiragen yaƙinta na arewa suke bi zuwa Atlantika.

Tun da kai ɗalibin siyasa ne, ga wani abu da ya cancanci ka duba. A 2002 ne Longyearbyen ta samu zaɓaɓɓiyar majalisar gari mai kujeru 15, wadda ke kula da makaranta, hanyoyi da ruwa, kuma a da duk baƙon da ya shekara uku a garin yana da ƙuri'a. A 2022 gwamnati ta sauya ƙa'ida, ta ce baƙo ba zai yi zaɓe ko ya tsaya takara ba sai ya taɓa zama shekara uku a wata ƙaramar hukuma cikin babban yankin Norway. Da zaɓen 2023 ya zo, ɗaruruwan mutane, wasunsu sun fi shekara goma a garin, suka zama 'yan kallo. A ganina wannan mataki ya bayyana manufar Oslo fiye da kowace takarda: tana so garin ya ci gaba da zama na 'yan Norway a idon duniya, ko da hakan zai ɓata wa maƙwabtan da suke biyan haraji tare da su rai.

Tambaya: Wurin da ba a noma, ba a kiwo, da me mutanensa suke rayuwa? (Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi, Gana)

Amsa: Alhaji, tarihin tattalin arzikin Svalbard tarihin kwasa ne. A ƙarni na 17 Turawan Holan da Ingila sun yi ta kashe kifin wel, wannan ƙatuwar dabbar teku, suna narka kitsensa su sayar a matsayin mai, har sai da ya kusa ƙarewa a yankin. Bayansu mafarautan Rasha da na Norway suka zo neman fatu. Sai kwal, wanda wani Ba'amurke mai suna John Munro Longyear ya fara haƙa da gaske a 1906, garin ma sunansa ya ci. A 1916 kamfanin Norway mai suna Store Norske ya saye wurin, kuma shekaru da dama kamfanin ne komai na garin, shi ke ba da gida, shi ke ba da abinci. Har yau ana cire takalmi a ƙofar otal-otal da gidan tarihi da coci, al'adar da ta samo asali tun lokacin da ake gudun shigar da ƙurar kwal cikin ɗaki.

Haƙar kwal ɗin ba ta cika kawo riba ba, kuma ta ci rayuka. A 1962 fashewa a mahaƙar Ny-Ålesund, wani ƙaramin gari da ke arewa da Longyearbyen, ta kashe mutum 21, cece-kucen da ya biyo baya kuma ya kayar da gwamnatin Firaminista Einar Gerhardsen a 1963. Duk da haka gwamnatocin Norway sun ci gaba da cike giɓin kamfanin, domin ikon mallakar da babu mutane a ƙasa ba ya da ƙarfi, musamman a shekarun da Rashawan tsibiran suka fi 'yan Norway yawa. Yanzu wannan babi ya rufe a ɓangaren Norway. An yanke shawarar rufe babbar mahaƙar Svea a 2017, aka kwashe gine-ginenta aka mayar da wurin daji, tashar wutar lantarkin Longyearbyen ta daina ƙona kwal ta koma man dizal a 2023, mahaƙa ta ƙarshe kuma, wadda ake kira ta bakwai, ta tsaya a 2025.

Abin da ya gaji kwal ƙafa uku ne. Akwai yawon buɗe ido, inda dubban mutane ke zuwa ta sama da ta manyan jiragen ruwa domin ganin ƙanƙara da namun daji, suna hawa baburan ƙanƙara ko amalanken da karnuka ke ja, tun da babu titin mota da ya haɗa wani gari da wani. Akwai ilimi da bincike: an buɗe cibiyar jami'a a Longyearbyen a 1993, Ny-Ålesund kuma ta koma ƙauyen masana, inda ƙasashe irin su Jamus, Faransa, Sin da Indiya suke da tashoshi. Sai kuma tashar karɓar saƙonnin taurarin ɗan'adam da ke kan tudu a saman garin, wadda aka fara a 1997. Saboda kusancinta da ƙuryar duniya, tana iya magana da tauraron da ke bi ta ƙuryoyin duniya a kowane zagayensa, abin da tashoshin da ke kudu ba sa iyawa, kuma wayoyin sadarwa biyu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku ne ke kai bayanan babban yankin Norway. Harajin albashi kaɗan ne, kashi 8 cikin ɗari ga mafi yawan ma'aikata, babu kuma harajin VAT, amma kowace albasa da kowane kwalin madara daga waje ake kawo su, kuma kowace shekara majalisar Norway ce ke ƙara kuɗi a kan kasafin tsibiran.

Dukiyar gaske tana cikin teku, nan ne kuma rigimar take. A 1977 Norway ta shata yankin kare kifi mai faɗin mil 200 kewaye da tsibiran. Matsayinta shi ne daidaiton da yarjejeniyar ta tanada ya tsaya ne a kan tudu da ruwan da ke dab da gaɓa, Rasha da Tarayyar Turai kuwa ba su yarda da wannan fassara ba. Batun ya kai kotu a kan kamun wata irin ƙaguwa da ke rayuwa a ƙasan teku, kuma a 2023 Kotun Ƙolin Norway ta yanke hukunci a kan wani kamfanin Latbiya, ta goyi bayan gwamnatinta. Ba ƙaguwar ce damuwar ba, domin duk hukuncin da ya hau kanta zai hau kan man fetur da iskar gas da ka iya kasancewa a ƙasan tekun. Kai da kake kasuwa, wataƙila ka san busasshen kifin nan mai tauri da ake kira okporoko a kasuwannin Najeriya. Irin kifin da ake yin mafi kyawunsa da shi a wannan teku na Barents yake girma, kafin ya gangara gaɓar arewacin Norway inda ake kama shi a shanya.

Tambaya: Wai da gaske ne doka ta hana haihuwa da mutuwa a can? (Daga wata ma'aikaciyar jinya a Garwa, Kamaru)

Amsa: Malama, babu dokar da ta isa ta hana ajali, kuma babu wadda aka rubuta haka. Abin da ke akwai shi ne asibitin Longyearbyen ƙarami ne, na gaggawa, don haka mai juna biyu takan tafi babban yankin Norway makonni kaɗan kafin lokacinta, haka ma mai ciwo mai tsanani da tsohon da ya kasa kula da kansa. Binne gawa kuma an daina shi tun wajen 1950, domin daskararriyar ƙasa ba ta barin gawa ta ruɓe, kuma narkewa da daskarewar samanta na iya turo akwati waje. Wanda ya rasu a can jirgi ne ke ɗaukar gawarsa.

Dokar da ke nan da gaske ta shafi farin beyar, babbar dabbar nan mai cin nama da ke yawo a kan ƙanƙara. An hana farautarsa tun 1973, kuma duk mai fita bayan gari wajibi ne ya ɗauki abin da zai kore shi da shi, hukuma ma tana ba da shawarar a riƙe bindiga. Shi ya sa za ki ga alama a ƙofar kanti tana cewa kada a shigo da makami. Ko a 2020 beyar ya kashe wani mutum a cikin tantinsa kusa da filin jirgin sama.

Tambaya: Malam, an ce akwai rumbun da aka tara irin shuka na duk duniya a cikin dutse a can. Shin akwai namu a ciki, kuma manomi zai iya nema idan nasa ya ɓace? (Daga wani manomi a Funtuwa)

Amsa: Akwai rumbun, Malam, kuma akwai namu a ciki. An buɗe shi ranar 26 ga Fabrairu, 2008, a cikin wani dutse da ke kallon filin jirgin Longyearbyen, ana bi ta wani rami mai tsawon fiye da mita 100 kafin a kai ɗakunan ajiya, waɗanda ake riƙe sanyinsu a digiri 18 ƙasa da sifili. An zaɓi wurin ne saboda ko wuta ta ɗauke, daskararren dutsen zai riƙe sanyi na dogon lokaci. Yau samfurin iri fiye da miliyan ɗaya ne a ciki. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara aika kaya tun a shekarar buɗewa, ciki har da wake, masara, waken suya da gurjiya. Rogo da doya da ayaba kuwa, da yake ba da ƙwaya ake shuka su ba, ta wasu hanyoyi ake adana su.

Ƙa'idar wurin ita ce ajiya ta mai ita ce. Gwamnatin Norway ce ta gina rumbun, amma ba ta buɗe akwatin kowa, kuma wanda ya ajiye ne kaɗai zai iya karɓa. An fara karɓar ajiya a 2015, lokacin da yaƙin Siriya ya raba cibiyar binciken aikin gona ta ICARDA da rumbunta na birnin Aleppo, ta ɗebo irinta daga Svalbard ta sake shuka shi a Labanon da Maroko, daga baya ta mayar da sabo. Rumbun kansa ya taɓa samun matsala a ƙarshen 2016, sa'ad da ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka malalo cikin ramin shiga, ruwan ya daskare bai kai ga irin ba, amma sai da aka sake gina mashigar gaba ɗaya.

Saboda haka manomi ba zai rubuta wa Svalbard ya nemi iri ba. Idan wani tsohon irin wake ko dawa ya ɓace a yankinku, wurin tambaya shi ne cibiyoyin da suka tattara shi tun farko, irin su IITA, wadda ke da reshe a Kano, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya, ta hannun malamin gona na ƙaramar hukumarku.